Man da Ba Ya Son Rana

Da Dalhatu ya tashi aure, babu wanda ya zauna shawarar wa zai haɗa lefe. Yayarsa Rahamatu ce, ko an so ko an ƙi. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, ita ce mai mota, ita ce mai aiki a babban ofis cikin jami'a a Samaru, kuma duk bikin da aka yi a dangi sai an ja ta gefe an tambaye ta inda ta sayi leshinta. Mace ce mai kirki, kada in zalunce ta. Sai dai irin kirkin nan ne mai son a gani a yaba.

Amaryar, Nana Khadija, yarinya ce baƙa, doguwa, mai saurin dariya. Ta karanci kiwon dabbobi, ta sami aiki a wata gonar bincike a Shika. Aikinta ciyawa ne. Ta shuka iri-iri a fili, ta bi su da ban-ruwa, ta yanka ta kai wa shanu ta ga wadda suka fi so. Tun hantsi tana fili har la'asar, da takalmin roba da malafa a kan ɗankwali. In ta fara ba ka labarin ciyawa sai ka rantse 'ya'yan cikinta take nufi. Rahamatu na son yarinyar, wannan babu ja. Abin da ba ta so shi ne a tambaye ta cikin ƙawaye me matar ƙaninta take yi. In an matsa sai ta ce, "Bincike take yi," ta kawo wata hirar.

Wata Asabar ta shiga kasuwar Sabon Gari. Ta gama da atamfofi da takalma da jakunkuna, sannan ta zarce shagon Oby, wata Inyamura da ta daɗe tana sayen mai a wurinta. A can ta tarar da Madam Christabel, shugabar ofishinsu, tana zaune kan benci tana shinshina turaruka. Suka gaisa, Rahamatu ta gyara zaman gyalenta.

"Oby, irin nawa za ki ba ni, saiti guda. Na jiki, na fuska, da sabulunsa. Na lefe ne."

Man nan a farar kwalba yake, murfinsa ruwan zinare, da rubutun Faransanci a jiki, ga ƙamshi mai kama hanci. Shekaru Rahamatu ta yi tana shafa shi. Ya ɗan ɗaga mata haske, amma da za ka ce mata bilicin take yi da kun raba gari. Ita gyaran fata take kiransa. Kuma gaskiya bai taɓa nuna mata wani aibu ba, don ita da rana sai dai gaisuwa daga nesa. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai ofis mai esi, inda sanyi ya sa har suwaita take ajiyewa a bayan kujera.

Oby ta sauko da kwalaben tana goge su da tsumma, ta ce, "Hajiya, amaryar nan ofis take aiki ko waje? Dis wan no like sun o. Ba ya son rana sam. In tana shiga rana, in ba ki wani mara ƙarfi, da na kare rana."

Madam Christabel ta ɗago kai daga turaren da take shinshinawa. Ɗago kai kawai ta yi.

Rahamatu ta yi dariya ta ce, "Wace irin rana kuma? Ma'aikaciya ce. Ofishinta ma ya fi nawa sanyi."

Oby ta ɗaure kaya a leda. A hanyar komawa Samaru Rahamatu ta ce wa kanta ai ba wani abu ba ne, za ta ja yarinyar gefe ta ce mata ta riƙa shafawa jefi-jefi. Hidimar biki ta taso ta haɗiye maganar.

Ranar ganin lefe kuwa man nan ya ci kasuwa. Mata suka riƙa buɗe murfin suna shinshinawa suna miƙa wa na kusa. Rahamatu ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji, ta ce, "Irin wanda nake shafawa ne. Ba zan ba ƙanwata abin da ni ba zan shafa ba." Aka yi guɗa. Mahaifiyarsu, Hajiya, wadda ba ta ko kama sunan Rahamatu saboda kunyar 'yar fari, ranar sai da aka ga haƙoranta.

Aka kai amarya Hayin Dogo. Watannin farko fuskar Nana ta yi fayau, ta yi haske, kowa ya gan ta sai ya ce aure ya karɓe ta. Rahamatu ta ɗauki yabon ta sa a aljihu. Har ta kan kama haɓar yarinyar ta juya ta wajen taga ta ce, "Kina dai shafa man nan ko?" Nana ta sunkuyar da kai ta ce, "Kullum, Yaya." Kullum ɗin kuwa take nufi. Ita da duk rayuwarta ba ta san wani mai ba bayan man kaɗanya da basilin, yanzu kowace safiya sai ta lafta wannan kafin ta hau bas ɗin Shika, don abin da yayar miji ta zaɓa ba a yi masa rowar fuska.

Sai bazara ta shigo, irin zafin nan na kafin ruwan farko da ko kaza sai ta buɗe baki.

Al'adar gidan ce kowace Juma'a bayan an sauko masallaci a taru wajen Hajiya a Unguwar Gabas a ci tuwon shinkafa. A wata Juma'ar Nana ta shigo da gyale ja har kan hanci. Da ta durƙusa gaisuwa gyalen ya zame. Kumatunta biyu sun ƙone, sun yi baƙi mai ja-ja kamar gindin tukunya, goshinta ya feso da ƙananan ƙuraje, gefen hancinta yana saɓa. Rahamatu tana riƙe da kofin zoɓo. Ba ta buƙaci likita ya gaya mata ba. Muryar Oby ta ji raɗau a kunnenta.

Hajiya ta tafa hannu ta yi salati. "Yarinyan nan, me ya same ki haka?"

Nana ta ce, "Zafi yake mini in na yi gumi, Hajiya. Zai wuce."

Dalhatu ya ce sun je kemis, an tambaye ta abin da take shafawa. "Na ce musu irin na Yaya ne, su nemi wani dalilin. Ga fuskar Yaya nan, ko ƙurji ɗaya babu."

Kowa ya juyo ya dubi fuskar Rahamatu, sumul kamar ƙwai. Wannan ne lokacin da ya kamata ta buɗe baki. Ta kai kofin bakinta ta kurɓi zoɓo.

Hajiya ta yanke hukunci. "Rana ne. Mace ta wuni tana bin shanu a daji kamar ba ta da gata, me kuke so fata ta yi?"

Tun daga ranar Rahamatu ba ta sake jin daɗin madubinta ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko a ofis aka ce "yau akwai rana" sai gabanta ya faɗi. Ta yi abin da masu laifi suka saba yi in ba su shirya faɗin gaskiya ba, wato gyara a ɓoye. Ta sayi man kaɗanya mai kyau da sabulu mara ƙamshi da man kare rana, a wani shago can daban, don ƙafarta ta ƙi bin layin su Oby. Ta kai Hayin Dogo ta ce, "Ajiye wancan tukuna, ki gwada waɗannan. Wata ce ta yaba mini su." Nana ta karɓa hannu biyu, ta yi ta godiya har da ƙwalla, tana cewa ko 'yar uwar da suka fito ciki ɗaya sai haka. Rahamatu ta shiga mota ta daɗe ba ta tayar ba. Ta ji kunyar godiyar nan fiye da a ce zagin ta aka yi.

Abin bai zo mata yadda ta so ba. Irin man nan, in fata ta saba da shi aka janye, sai ta ƙara tayar da hankali kafin ta kwanta. Fuskar Nana ta kumbura, ƙurajen suka ƙaru. Hajiya ta gani ta ce ai ga shi nan, da man kirkin ne ma yake ɗan tare mata, an bari an koma wa man kaɗanya. Ta kira ɗanta ɗaki.

Da safiyar wata Laraba Dalhatu ya kira yayarsa a wayar salula. Malamin sakandare ne, mutum mai sanyin hali, kuma yana son matarsa, shi ya sa ma abin ya dame shi. Ya ce, "Yaya, Hajiya ta ce ta ajiye aikin nan, ni ma na ga hakan ya fi. Lafiyarta ta fi mini komai. Ranar Juma'a za a yi maganar a gida. Ke take jin maganarki, don Allah ke za ki lallashe ta."

Rahamatu ta ce, "To." Kalmar ta fito ne kafin ta yi tunani.

Kashegari da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofar ofishinta. Nana ce, kai tsaye daga gona, takalminta na roba da busasshen taɓo, malafa a hannu. Ba ta taɓa zuwa ofishin ba. Ta zauna bakin kujera tana ɗan rawar sanyin esi.

Ta ce, "Yaya, na ji abin da ake shiryawa. Shi ba zai iya musa wa Hajiya ba, ni kuma ba ni da bakin magana a gabanta. Ki roƙar mini su. Zan riƙa rufe fuskar gaba ɗaya, zan fita da sassafe in dawo kafin rana ta take. Akwai wata ciyawa da na sha wahala kafin ta kama, ruwan farko kawai take jira. In na tafi yanzu wani za a ba filin, kuma in na bar gurbina ba zan sake samu ba." Ta goge ido da bakin gyale, a hankali, don wurin na mata zafi. "Ban san me na yi wa rana bana ba. Tun ina yarinya nake cikinta."

Rahamatu ta ji kamar ta nutse a kujerar. Tana neman abin cewa sai Madam Christabel ta leƙo da fayil a hannu. Dole Rahamatu ta gabatar da su ga juna. Madam ta dubi takalmin Nana ta tambayi inda take aiki, Nana ta faɗa mata, har da ciyawa da shanu, ba ta rage komai ba.

Madam ta washe baki ta ce, "Kai, madalla! Babana ma shanu yake kiwo a Zonkwa, kullum rani kukansa ciyawa. Sai na kawo shi ki ba shi shawara." Ta ajiye fayil ta fita. Ko alamar ta tuna da shagon Oby babu a fuskarta. Matar da aka yi ƙaryar dominta ba ta ma san an yi ba.

Rahamatu ta ce wa Nana, "Je ki gida. Zan yi magana." Ba ta ce wace maganar ba, don ita ma ba ta gama sani ba.

Juma'a ta zo. Aka ci tuwo, ko in ce wasu suka ci. Hajiya ta sa aka kwashe kwanuka, ta gyara zama kan darduma. Dalhatu na kujera kusa da ƙofa, Nana na ƙasa can gefe, kanta sunkuye. Fanka na juyawa tana kaɗa iska mai zafi.

Hajiya ta dubi wajen da Rahamatu take ta ce, "Ke, yi mata bayani. Ta fi jin naki."

Rahamatu ta ce, "Hajiya, ba aikin ba ne. Man da na sa mata a lefe ne ya ƙona ta."

Hajiya ta yi tsaki. "Ji wani zance. Don kina tausayinta sai ki ɗora wa kanki? Shekara nawa kina shafa shi? Dalhatu, dubi fuskan yayarka."

"Ni ba na shiga rana, Hajiya. Man ne ba ya haɗuwa da rana."

"Wa ya ce? Yanzu kuma likita kika zama?"

A nan Rahamatu ta ga inda hanyar ta nufa. Ta so a ce rabin gaskiya ya isa. Ta so ta ce kuskure ne, ba ta sani ba, a yi mata uzuri, Nana ta ci gaba da kallonta da idon nan na ƙauna. Amma fuskarta da take taƙama da ita ta zame mata mai ba da shaida a kanta, kuma Hajiya ba za ta sauka don zato ba. Ta dubi Nana, ta ga yarinyar ta ɗago tana kallonta da fata, tana zaton dabara ce Yaya ta ƙirƙiro don ta cece ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Mai shagon ce ta faɗa mini. Tun ranar da na saya."

Dalhatu ya gyara zama. "Ta faɗa miki? To don me ta sayar miki, tunda ta san haka?"

"Ta tambaye ni inda amarya take aiki. Ta ce in tana shiga rana ta ba ni wani."

"Kika ce mata me?"

Rahamatu ta dubi tabarma. "Na ce ofis take aiki. Na ce ofishinta ya fi nawa sanyi. Shugabar ofishinmu na zaune a wurin."

Hajiya ta ja carbinta, ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta ce a hankali, "Kuma kina zaune nan ranan da na ce rana ne. Kina shan zoɓo."

"Ina zaune, Hajiya."

Dalhatu ya miƙe ya je bakin ƙofa ya tsaya ya ba su baya. Bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Da ya juyo matarsa ya duba. Ya ce ranar Litinin zai nemi izini a makaranta ya kai ta wajen likitan fata, su tafi da kwalbar. Ya ce maganar ajiye aiki kuma a bar ta. Ya dubi mahaifiyarsa yana jiran ta musa. Hajiya ta kaɗa hannu kawai ta ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ta yi haƙuri da mu."

Abin da Nana ta zo nema ta samu. Rahamatu ta saci kallonta tana jiran ko murmushi, ko kuka, ko ma zagi, wanda da ya fi mata sauƙi. Yarinyar ta yi wa Hajiya godiya, ta tashi ta kwashe kofunan da suka rage ta kai tsakar gida ta wanke su tas.

Bayan la'asar Dalhatu ya tsaya gaisuwar wani makwabci da aka yi wa rasuwa, ya ce matan su yi gaba. Rahamatu ta fito ta tarar da Nana a zaure tana gyara gyale. Babu kowa sai su biyu.

Rahamatu ta ce, "Nana, ki yafe mini. Wallahi ban yi don in cuce ki ba."

"Na sani, Yaya. Fuska za ta warke." Ta murza bakin gyalen da yatsa. Sannan ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Abu ɗaya nake so in sani. Kunyar aikina kika ji?"

Rahamatu ta nemi wata ƙaryar mai taushi, ta ga ta gaji da su. Ta ce, "Eh."

Nana ta gyaɗa kai. "Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni a gona, sai in ce yayar mijina tana babban ofis a jami'a."

Suka fito waje. Rahamatu ta buɗe mata ƙofar gaba ta ce, "Shigo mu tafi, hanyarmu ɗaya."

"Bari, Yaya, na gode. Zan hau bas."

Ba da fushi ta faɗa ba, har da ɗan rusunawa. Ta bi gefen kwata ta fita bakin titi. Rahamatu ta tayar da mota ta bi a hankali, ta tsaya nesa kaɗan. Tana ganinta ta gilashi, tsaye cikin masu jiran motar Samaru, ta ja gyale ta rufe kumatunta, rana na dukan ta. Bas ta farko ta zo a cike ta wuce. Rahamatu ta sa hannu za ta yi hon, ta fasa, don ta san ko ta yi ba za a waiwayo ba.